Shari'ar Hadijatu Mani: Dokar Da Ke Kwance A Takarda Da Macen Da Ta Tashe Ta

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar zubi da rance, mu leƙa zauren shari'a. Da yawanmu idan aka ce kotu sai gaba ya faɗi, mu ce wannan wurin maza ne da masu kuɗi da waɗanda suka yi boko. To ga labarin wata ƴar ƙasarmu daga yankin Ƙonni, jihar Tawa, wadda ba ta yi boko ba, ba ta da dukiya, amma ta kai gwamnatin Nijar gaban alƙalai ta kuma yi nasara. Sunanta Hadijatu Mani. Har yau ana karantar da shari'arta ga masu koyon aikin lauya a ƙasashe da dama, alhali mu da abin ya faru a ƙofar gidanmu ba mu san yadda ta gudana ba.

Jikka 240

A shekarar 1996 Hadijatu tana da shekara 12. Aka sayar da ita a kan jikka 240 na sefa ga wani Alhaji mai shekara 46, wanda ya riga ya cika mata huɗu. Ta shiga gidansa a matsayin wahaya, abin da wasu ke kira sadaka, wasu kuma mace ta biyar.

Wadda ta tashi a wajen Ƙonni, Madawa, Illela ko Buza ta san kalmar. Wahaya ba a ɗaura mata aure, ba a biyan sadakinta, ba ta da ranar girki, ba ta gadon maigida. Daka da ɗiban ruwa da aikin gona da kiwo duk nata ne, maigida kuma yana zuwa mata duk lokacin da ya so. Ku lura da kalmomin nan biyu, sadaki da sadaka. A baki sun yi kusa, amma a shari'a tazararsu ita ce tazarar da ke tsakanin matar aure da baiwa.

Shekara tara Hadijatu ta yi a gidan. Takardar hukuncin ta nuna ta haifi ƴaƴa huɗu, biyu suka rayu. Ran 18 ga Agusta 2005 Alhajin ya ba ta takardar ƴantawa, wadda shi da ita da maigari suka sa wa hannu. Da ta ce to za ta tafi, sai ya ce ina, ai ke matata ce. Nan rigimar ta fara.

Doka biyu a zaure ɗaya

Kafin mu bi ta kotu kotu, sai mun fahimci yadda shari'ar ƙasarmu take, don a nan ne ƙullin yake.

Da Turawan Faransa suka kafa mulki, ba su ɗora wa kowa dokarsu a kan komai ba. A 1903 suka shirya kotunan ƴan ƙasa a yankin Afirka ta Yamma da ke hannunsu, inda ake yanke maganar aure, saki da gado bisa al'adar mutanen wurin. Ran 12 ga Disamba 1905 suka fitar da doka ta hana saye da sayar da mutum. A 1939 wata doka ta ce aure sai da yardar ango da amarya, kuma kada a aurar da yarinya ƙasa da shekara 14. Duk waɗannan an rubuta su, amma a ƙauyuka abubuwa da yawa sun ci gaba yadda suke.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, dokar tsarin kotuna ta 16 ga Maris 1962 ta riƙe wannan hanya. Rubutacciyar doka tana nan, al'ada ma tana nan. Dokar 22 ga Yuli 2004 ta maye gurbinta, wata kuma ta zo a 2018, amma tushen bai sauya ba. Idan magana ta shafi aure, saki, ƴaƴa, gado, kyauta, wasiyya ko gonar da ba ta da takardar mallaka, alƙali yana duba al'adar masu shari'ar. Shi ya sa za ki ga dattawa masana al'ada zaune kusa da shi suna ba shi shawara. An sha yunƙurin yin dokar iyali guda ɗaya ta ƙasa, an gwada a shekarun 1990, an sake gwadawa wajen 2011, abin bai yiwu ba.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma ku riƙe shi da kyau. Dokar 2004 ta ce ana bin al'ada ne muddin ba ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da ƙasa ta sa wa hannu ba, ko dokokin ƙasa, ko ƴancin mutum. Wato al'ada tana da iyaka.

A ɗaya ɓangaren kuma, ran 13 ga Yuni 2003 Nijar ta gyara kundin hukunta laifuka, ta sa bauta cikin manyan laifuka. Wanda ya bautar da mutum, hukuncinsa ɗaurin shekara 10 zuwa 30 da tara daga miliyan 1 zuwa miliyan 5. Ke nan lokacin da Hadijatu ta nufi kotu, dokar da ta haramta abin da aka yi mata ta kusa shekara uku da fitowa.

Daga Ƙonni zuwa Yamai, daga Yamai zuwa kaso

Ran 14 ga Fabrairu 2006 ta kai ƙara kotun da ke duba shari'un al'ada a Birnin Ƙonni. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991 don yaƙi da bauta, ta tsaya mata. Wannan kotu ta farko ta yi tambayoyin da kowace uwa za ta yi. An biya sadaki? Ba a biya ba. An ɗaura aure? Ba a ɗaura ba. Ran 20 ga Maris 2006 ta yanke cewa babu aure tsakaninsu tun asali, Hadijatu tana da ikon ta auri wanda take so.

Alhajin ya ɗaukaka ƙara. Ran 16 ga Yuni 2006 babbar kotun Ƙonni ta rushe hukuncin farko. Hujjarta ita ce wai ya halatta ɗa ya auri baiwa idan ba shi da halin auren ƴa kuma yana tsoron faɗawa zina. Ku duba nan da kyau. Kotu da bakinta ta kira ta baiwa, a ƙasar da bautarwa laifi ne na shekara 10 zuwa 30, amma ba ta ce a binciki wanda ya saye ta ba.

Hadijatu ta wuce Kotun Ƙoli a Yamai. Ran 28 ga Disamba 2006 Kotun Ƙoli ta soke wancan hukunci, amma saboda kuskure a tsarin zaman shari'ar kawai. Maganar bauta ba ta taɓa ta ba. Ta mayar da shari'ar Ƙonni don wasu alƙalai su sake dubawa.

Ana cikin haka Hadijatu ta auri mutumin da ta zaɓa. Alhajin ya garzaya wurin jandarma ya ce matarsa ta yi aure kan aure. Ran 6 ga Afrilu 2007 kotun Ƙonni ta ba ta saki, ta ce ta yi idda wata uku. Wata za ta ce ai alhamdu lillahi, ta rabu da shi. Amma ku yi tunani: ba a sakin macen da ba a aura ba. Ba ta saki yana nufin kotu ta yarda da cewa da akwai aure. Ran 2 ga Mayu 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida da tarar jikka 50, ita da ɗan uwanta da sabon mijinta. Ita da ɗan uwan nata suka shiga gidan kaso, sai a watan Yuli kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta ba da umarnin a sake su kafin a gama shari'a. Wadda aka saya tana yarinya ita ce ta kwana wata biyu a kaso, wanda ya saye ta yana gidansa.

Alƙalai uku, biyu mata

A wancan lokaci Nijar tana cikin ƙungiyar CEDEAO, kuma tun 2005 aka ba kowane ɗan ƙasashen ƙungiyar damar kai gwamnatinsa gaban kotunta idan an take masa hakki. Lauyanta, Abdurahaman Shaibu, tare da Timidria da wasu ƙungiyoyi biyu na Ingila, Anti-Slavery International da Interights, suka shigar da ƙara a 2007. Mazaunin kotun yana Abuja, amma saboda Hadijatu ba ta da halin tafiya da shaidunta, kotun ta taso ta zauna a Yamai a watan Afrilu 2008. Alƙalai uku ne suka saurari shari'ar. Shugabarsu mace ce ƴar Mali, Aminata Malle Sanogo, ta biyu ma mace ce ƴar Togo, Awa Daboya Nana, na uku El Mansur Tall daga Senegal.

Lauyoyin gwamnati sun kawo hujjoji. Na farko, wai ba ta gama da kotunan gida ba. Kotu ta ce dokar da ta kafa ta ba ta gindaya wannan sharaɗi ba. Na biyu, wai ai an riga an ƴanta ta, don haka ba ta da bakin ƙara a kan bauta. Kotu ta ce ƴantawar yau ba ta goge shekara taran da suka wuce. Na uku, wai zaman aure suka yi, da daɗi da rashin daɗi kamar kowane gida. Kotu ta ce ko da an ciyar da mutum, an tufatar da shi, ba a taɓa dukansa ba, muddin wani yana iko da shi kamar yadda ake iko da kaya, to bawa ne. Balle ita an saye ta da kuɗi, an sa ta aiki, an doke ta. Takardar ƴantawar da Alhajin ya sa wa hannu ma shaida ce a kansa, don ba a ƴanta matar aure.

Ran 27 ga Oktoba 2008 aka karanta hukunci a Yamai. Kotu ta tabbatar an bautar da Hadijatu, kuma gwamnatin Nijar tana da alhaki. Ba gwamnati ce ta saye ta ba, amma hukumominta da alƙalanta sun ji, sun gani, sun yi shiru. Kotu ta ce alƙalin da magana ta zo gabansa ya ga alamar bauta a ciki, wajibinsa ne ya tayar da maganar da kansa, ko ba wanda ya roƙe shi. Aka umarci gwamnati ta biya ta miliyan 10. Gwamnati ta karɓi hukuncin, ta kuma biya.

Ba duk abin da ta nema ta samu ba, kuma ya kamata mu faɗi wannan. Miliyan 50 ta nema. Kotu ba ta yarda cewa zamanta a kaso tsarewa ce ba bisa ƙa'ida ba, tunda kotu ce ta yanke. Wariyar da aka nuna mata kuma an ɗora ta a kan Alhajin, ba a kan gwamnati ba. A ganinmu nan kotun ta yi sassauci, don ɗaurin da aka yi mata ya samo asali ne daga auren da babu shi. Haka kuma kotun ba ta goge laifin aure kan aure ba, domin ita ba ta rushe hukuncin kotunan ƙasa.

Bayan hukunci

A 2009 gwamnatin Amurka ta ba Hadijatu lambar yabo ta jaruman mata na duniya. A watan Mayu 2014 kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum mai shekara 63 shekara huɗu saboda ya ajiye wahaya. Ɗaurin bai kai shekara 10 ba, amma shi ne karon farko da aka hukunta wani a kan wannan al'ada. Sai a farkon 2019 babbar kotun ƙasa a Yamai ta wanke Hadijatu, ta tabbatar cewa zaman wahaya ba aure ba ne. Abin da ƙaramar kotun Ƙonni ta faɗa a 2006 shi aka dawo kansa bayan shekara 13.

Wani abu kuma ya sauya. Nijar ta fita daga CEDEAO, fitar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. Hanyar Abuja da Hadijatu ta bi ba ta buɗe mana kamar da ba. Wannan yana ƙara wa kotunanmu na gida nauyi, yana kuma ƙara mana dalilin sanin yadda ake shiga da fita a cikinsu.

Me ya shafi mai zubin mako?

Wata za ta ce mu garinmu babu wahaya. Madalla. Amma tambayar da aka yi shekara 13 ana jayayya a kanta, wato akwai aure ko babu, ita ce ke tasowa kullum a maganar gado, da riƙon ƴaƴa, da kayan ɗaki bayan saki. Mace ta yi shekara 20 a gidan miji, ya rasu, dangi su ce ai ya sake ta tun bara. Wata ta gama idda ta yi aure, tsohon miji ya ce shi bai saka ba. Me za ta nuna?

Mu da muke cikin asusu mun fi kowa sanin darajar shaida. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a 1991, ba a buɗe akwati sai a gaban kowa, ba a ba da rance a ɓoye, kuma mabuɗan ba sa hannun mace ɗaya. Abin da muke yi wa jikka biyar, mu yi wa aurenmu da na ɗiyanmu. A rubuta aure a ma'aikatar magajin gari ko wurin da ake rubuta haihuwa a ƙauye, a karɓi takarda. Idan an yi saki, a nemi takardar saki. Kowane yaro a yi masa takardar haihuwa, mace da namiji. Akwai wa'adin yin haka, idan ya wuce sai an bi ta kotu, don haka kada a yi ta cewa sai an kwana biyu. A san su wa suka halarci ɗaurin aure, nawa ne sadaki, wa ya karɓa.

Na biyu, mu bambanta abin sulhu da abin da ya fi ƙarfin sulhu. Maigari da sarki doka ta ba su ikon sasanta mutane a rigimar aure, bashi ko gona, kuma sau da yawa a nan ne aka fi samun sauƙi. Idan an sasanta, ki roƙi a rubuta, a ba ki taki takardar. Amma sayar da yarinya, ko ba da ita a madadin bashi, ko fyaɗe, waɗannan laifuka ne, wurinsu jandarma ko ƴan sanda da mai gabatar da ƙara. Ba a rufe su da goro da a yi haƙuri.

Na uku, hukuncin alƙali ɗaya ba shi ne ƙarshen magana ba. Hadijatu ta ci a kotun farko, ta faɗi a ta biyu, ta shiga kaso, ta fito, ta ci gaba. Ɗaukaka ƙara hakki ne, sai dai yana da kwanaki ƙididdigaggu. Ranar da aka yanke hukuncin da ba ki gamsu ba, kafin ki bar harabar kotu ki tambayi magatakarda kwana nawa gare ki, kuma ina za ki rubuta. Idan ba ki jin Faransanci, ki ce a fassara miki. Kada ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba.

Na huɗu, rashin kuɗin lauya ba ya rufe ƙofa. Tun 2011 doka ta kafa hukumar taimakon shari'a da ake kira ANAJJ, mai ofisoshi a manyan kotuna, don wayar da kai kyauta da kuma tsaya wa marasa hali. Akwai ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar, akwai Timidria. Dokar 2003 ma ta ba ƙungiyoyin yaƙi da bauta masu rajista damar shiga shari'a su nemi hakkin wanda aka bautar. Sakatariyar kowace ƙungiya ta san inda ofishi mafi kusa yake tun kafin buƙata ta taso.

Na biyar shi ne wanda ya fi shafarmu. Abin da ke kayar da mace a shari'a sau da yawa kuɗin mota ne, da wanda zai riƙe mata yara, da wadda za ta raka ta. A ɗaga zama sau uku, kuɗi su ƙare, ta haƙura, wanda ya zalunce ta ya ci bulus. Da Hadijatu ita kaɗai ce, da wuya ta kai Yamai. Kusan kowace ƙungiyarmu tana da asusun taimako na rashin lafiya, haihuwa da rasuwa. Ku tattauna a taro na gaba ko za a sa tafiyar kotu a ciki, a kuma riƙa wakilta mata biyu su raka wadda ke da shari'a. Mace da ta shiga kotu da ƴan rakiya ba a yi mata kallon da ake yi wa wadda ta zo ita kaɗai.

Sai abu na ƙarshe, wanda sai mun duba kanmu. A wasu garuruwan har yanzu idan an zo neman aure ana bin asali, a ce wance ɗiyar bayi ce. Akwai matan da suka fito daga zaman wahaya suna zaune a gefen gari, ba mai kiransu biki, balle asusu. Kotu ta gama nata, ta ce su ƴaƴa ne kamar kowa. Shigar da su ƙungiya, da ba su rance da sharaɗin da ake ba kowa, da zaɓensu riƙon mabuɗi idan sun cancanta, wannan ba ya buƙatar alƙali. Shugabannin ƙungiyoyi, a karanta wannan a taro, a fassara wa waɗanda ba su samu zuwa ba, sannan a tambaya: mata nawa ne a cikinmu ke da takardar aure a hannu? Daga wannan ƙidayar za a san inda za a fara.

Allah ya kare mana ɗiyanmu, ya ba mai gaskiya gaskiyarta. Sai fitowa ta gaba.